Takobi da kwalkwali masu haske: sai na yi fanel nawa ne ko da wata hanya?

Wani ƙanena ɗalibi ya turo min da tambaya, ya ce suna da wasan kwaikwayo na ƙarshen zango a makaranta, labarin yaƙin zamanin da, shi aka ɗora wa haɗa takobi da kwalkwali masu haske na jarumin wasan. Ya siyo ƙwayayen LED ya gwada guda biyu a batir mai bolt 9 nan take suka ƙone, da ya haɗa guda 20 gaba ɗaya basu ƙone ba amma kafin rabin awa haske ya dushe, wani abokinsa ya ce masa wai sai ya zana fanel nasa na kansa sannan abin zai tsaya. Yana so kuma hasken ya riƙa gudu daga ƙota zuwa tsini. Saura sati shida. Tambayarsa itace yaya ake yin fanel a gida.

Toh ƙanena, zan gaya maka yadda ake yin fanel ɗin, amma ka yi haƙuri ba da shi zan fara ba, domin matsalar da kake ciki yanzu ba ta fanel bace ko kaɗan. Fanel ba komai bane illa wayoyi da aka shimfiɗa da jan ƙarfe a jikin allo, idan haɗin da ka yi da waya yana ƙona ƙwai to idan ka mayar da shi kan fanel ma haka zai ƙona su, sai dai ka yi asarar kwana uku a tsakani.

Mu fara da ƙwayayen da suka ƙone. LED ba irin ƙwan tocilan na da bane mai zare a ciki wanda shi da kansa yake tsayar da wutar da zai sha. Shi LED da zarar ƙarfin wuta ya haura wani mataki sai ya buɗe baki ya zuƙi duk abin da batir zai iya bayarwa har ya kashe kansa. Ja da rawaya wajen bolt 2 suke buƙata, shuɗi da fari wajen bolt 3 zuwa 3.2, kuma dalilin da yasa fari da shuɗi suke tafiya tare shine farin LED asalinsa shuɗi ne aka shafa masa wani sinadari rawaya a sama, shuɗin nan ne ma wasu Japanawa uku suka ci kyautar Nobel a kansa a 2014. Ƙananan ƙwayayen nan masu ƙafa biyu miliyam 20, wato am 0.02 a ma'aunin yawan wutar da abu yake sha, shine abincinsu, ka haura sosai ya mutu. Kai kuma ka ɗauki bolt 9 ka ɗora masa kai tsaye. Abin da ya rage maka shine rezista, ɗan abin nan mai zane-zanen kala a jiki da yake rage wutar da zata shiga ƙwai, ana auna shi da om, kuma lissafinsa ko ɗan firamare zai yi: ka cire bolt ɗin ƙwai daga bolt ɗin batir, abin da ya saura ka raba da 0.02. Jan ƙwai a bolt 9, tara a cire biyu saura bakwai, bakwai a raba da 0.02 ya baka 350, sai ka nemi om 390 ko 470 tunda su ake samu a kasuwa. Idan wutarka bolt 5 ce, ja yana son om 150, fari ko shuɗi om 100. Kowane ƙwai da nasa rezista, kar ka ce zaka yi tsimi ka sa guda ɗaya ma ashirin, domin ƙwayayen ba su taɓa zama daidai da juna ba, ɗaya zai fi sauran zuƙa ya riga mutuwa, nauyinsa ya koma kan saura, su bi shi ɗaya bayan ɗaya. Rezista kuma ai shine mafi arha a cikin kayan nan gaba ɗaya.

Zaka ce to me yasa da na haɗa ashirin basu ƙone ba. Batir ɗin ne ya gaza. Batir mai bolt 9 ɗin nan mai kusurwa huɗu sunansa ne babba amma cikinsa ƙarami ne, mai kyau cikinsu alkalin baifi mAh 500 zuwa 600 ba, wato yawan cajin da yake ɗauka kenan, masu arhar nan kuwa basu ma kai haka ba. Ƙwai 20 kowanne miliyam 20 miliyam 400 kenan, shi kuma an yi shi ne don mita da makirfo da abubuwan da suke tsotsa kaɗan kaɗan. Da ka ɗora masa wannan nauyi sai ƙarfinsa ya faɗi warwas, faɗuwar ce ta ceci ƙwayayenka, kuma ita ce ta sa kafin rabin awa ya ƙare. Don haka ka ajiye shi, ba batirin wannan aikin bane.

Abin da nake ba ɗalibai shawara a irin aikinka shine fawa bank ƙarami, irin siririn nan mai batir ɗaya a ciki. Yana baka bolt 5 tsayayye, yana da kariya a cikinsa, cajinsa da cajar waya ne, kuma idan ya ƙare a tsakiyar shiri zaka zare ka sa na wani. Sai ka yanke tsohuwar wayar USB ka ɗauki ja da baƙi. Abu ɗaya ka lura, da yawa daga cikinsu idan abin da ake ja ya yi kaɗan sosai suna ɗauka ba komai a jone sai su kashe kansu bayan ƴan daƙiƙu, wannan zai iya samunka a kwalkwali idan ƙwai biyu ko uku ne kawai, a takobi kuwa da wuya. Ka gwada naka tun yanzu. Akwai kuma hanyar batir 18650, wanda ake cirowa a tsofaffin batiran laftof, sunan nasa ma girmansa ne, faɗi milimita 18 tsawo 65, yana cika a bolt 4.2 yana aiki a wajen 3.7. Idan shi zaka bi to dole ka haɗa da ɗan fanel ɗin caji TP4056, kuma ka zaɓi mai kariya, zaka gane shi da wurin jona waya guda huɗu a gefe ɗaya, biyu na batir biyu na fita. Duk 18650 da kaga an rubuta masa 9900 a jiki ƙarya ce, na gaskiya basu wuce wajen 3500 ba. Kuma dan Allah ka ji wannan da kyau, batirin lithiyam baya zama a cikin kwalkwali a kan mutum. Idan wayoyinsa suka haɗu ko aka huda shi wuta yake kamawa ba wasa, kuma mai wasa yana tsalle yana faɗuwa ana bugunsa da takobin katako. Ka sa shi a aljihu ko a ɗamara ka jawo siririyar waya ta bayan wuya ƙarƙashin riga, da filogi a tsakani wanda zai zare da kansa idan aka fizge kwalkwalin. Wutar NEPA kuwa ko da wasa bata zuwa jikin kayan da mutum zai saka.

Yanzu hasken da kake so ya riƙa gudu. Hanya biyu ce, kuma zaɓin da ka yi anan shine zai nuna ko kana buƙatar fanel ko baka buƙata.

Ta farko tsohuwar hanya ce wadda mu muka koya da ita, aisi guda biyu, wato ƴan baƙaƙen kayan nan masu ƙafafu da yawa da aka haɗa wa aiki a ciki, 555 da 4017. Shi 555 wani injiniya Hans Camenzind ne ya zana shi a 1971 wa kamfanin Signetics, har yau ana buga shi ba adadi, ƙafa takwas gareshi, aikinsa anan bugun zuciya ne, kunna kashe kunna kashe. Ƙafa ta 1 ƙasa, wato baƙar wayar nan ta USB, ta 8 da ta 4 wuta, wato jar wayar, ta 2 da ta 6 a haɗe su, ta 3 fita. Rezista ɗaya daga wuta zuwa ƙafa ta 7, na biyu daga 7 zuwa 6, kapasita, ɗan abin nan mai tara caji ya saki, daga 6 zuwa ƙasa. Idan ka sa na farko 1k, na biyu 68k, kapasita maikro 10, zai riƙa bugawa kusan sau ɗaya a daƙiƙa, ka mayar da kapasita maikro 1 ya koma sau goma, wanda shi ne zai yi maka kyau a takobi. Ni nafi son sa rezista mai juyawa a wurin na biyun yadda zaka murɗa har ka samu gudun da ya yi wa idonka. Ka sani 555 na gargajiya baya tashi ƙasa da bolt 4.5, shi yasa batir 18650 guda ɗaya kai tsaye baya ɗaukarsa amma fawa bank yana yi. Bugun nan sai ka kai shi ƙafa ta 14 ta 4017, shi kuma yana da ƙofofi goma, kowane bugu sai ya rufe ɗaya ya buɗe ta gaba. Ƙafa 16 wuta, 8 da 13 da 15 ƙasa. Wahalar 4017 itace ƙofofin basa jere, ta farko ƙafa ta 3 ce, sai 2, sai 4, sai 7, sai 10, sai 1, 5, 6, 9, 11. Kaga wayoyi zasu riƙa tsallake juna kamar taliya, kuma kowace ƙofa idan zata ɗauki ƙwai fiye da ɗaya ko biyu sai ka ƙara mata tiransista, ɗan abu mai ƙafa uku da zai ɗauke mata nauyin wutar, irin BC547. Sannan wayoyi goma sha ɗaya ne zasu bi ta cikin ruwan takobi. A wannan hanyar ce fanel yake da amfani na gaske.

Ta biyu kuma ita zan ɗauka da ni ne nake da sati shida. Akwai ribon ɗin LED da ake kira WS2812B, kowane ƙwai da ɗan aisinsa a ciki, waya uku kacal, wuta da ƙasa da wayar saƙo. Ka haɗa da Arduino Nano, ƙaramin fanel ne da bai kai tsawon yatsa ba zai shige ƙotar takobi, ka rubuta masa umarni a kwamfuta da laburaren FastLED ko NeoPixel, wato tarin umarnin da wasu suka riga suka rubuta, ka ce ƙwai na farko ya kama ja, bayan ɗan lokaci na biyu, har tsini, kana so ya yi kamar harshen wuta yana lilo zai yi, kana so ya koma shuɗi idan an danna maɓalli zai yi, duk ba tare da ka sake taɓa dalma ba. Arduino dama a Italiya aka fara shi wajen 2005 saboda ɗalibai masu zane da ƙirƙira waɗanda ba injiniyoyi ba, wato irinka sak. Akwai kibiya a jikin ribon ɗin tana nuna inda saƙo yake bi, idan ka shigar ta baya ba abin da zai kama, wannan kuskuren kusan kowa sai ya yi shi sau ɗaya. Ka sa rezista om 330 a kan wayar saƙo, kapasita maikro 1000 tsakanin wuta da ƙasa a bakin ribon, kuma wutar ribon ta fito kai tsaye daga fawa bank, kar ta bi ta ƙafar Arduino, ƙafarsa miliyam 20 aka yarda ta bayar. Ƙasan su biyun dole ya haɗu. Lissafin wuta kuma, kowane ƙwai idan ya yi fari da cikakken haske zai iya shan miliyam 60, ribon mai tsawon mita ɗaya mai ƙwai 60 am 3.6 kenan, ƙaramin fawa bank ba zai iya ba. Amma baka buƙatar haka, ka rage haske zuwa kashi ɗaya cikin huɗu a cikin umarnin, ka yi amfani da kala ɗaya, a dandali da daddare zai haska fiye da yadda kake zato. Idan Nano ɗin da ka siya kwamfuta ta ƙi ganinsa yawanci direban CH340 ne babu, wato ƴar manhajar da take sa kwamfuta ta gane shi, ka sauke shi.

Ko wacce ka ɗauka, a biredibod zaka fara, farin allon nan mai ramuka da ake soka kaya ba dalma. Ka bar shi a kunne awa biyu cur a kan tebur da batirin da zaka yi wasa da shi, ka riƙa taɓa kayan da yatsa kana jin ko wani yana zafi, ka auna da mita, na'urar nan ta auna wuta, abin da yake sha. Ka mallaki mita ko mai arha ce, wanda yake wannan aikin ba mita laluben duhu yake. Sai abin ya yi awa biyun nan lafiya sannan ka mayar da shi kan ferobod, allon nan mai ramuka da layukan jan ƙarfe a baya. Gaskiya ga abu guda ɗaya tak da za'a yi wasa da shi sau ɗaya ko biyu, ferobod ya isheka, kuma idan Arduino ka bi abin da zai hau kai baifi rezista ɗaya da kapasita ɗaya da maɓalli ba.

Amma tunda ka tambaya, kuma ina jin daɗi idan naga matashi yana so ya koyi wannan, ga yadda ake fanel a gida. Zaka zana a kwamfuta da KiCad, kyauta ne, ko EasyEDA da ake yi a burauza. Ka fara da zanen haɗi sannan ka koma shimfiɗa layuka, gefe ɗaya kawai, na ƙasa. Layukan ka yi su da kauri, milimita ɗaya, na wuta ma ya fi haka, kuma ka bar fili tsakaninsu, wuraren da ƙafafu zasu zauna ka faɗaɗa su domin diril zai ci wani abu. Inda layi biyu suka rasa yadda zasu wuce juna kar ka ɓata dare a kai, ka bar rami biyu ka tsallake da guntuwar waya ta sama. Sai ka buga da firinta mai tona, wato lesa ko injin fotokwafi, mai tawadar ruwa ba ya yi sam, saboda ita tona garin roba ce da zafi yake narkarwa, ita ce zata manne a jan ƙarfe ta kare shi. Takardar kuma mai sheƙi ake so, shafin mujalla ko kalanda mara kauri, ka ce wa mai shagon ya ƙure baƙin. Maganar juya hoto tana rikita mutane, ga dabara: ka rubuta sunanka a gefen jan ƙarfen cikin zanen, idan ka buga a takarda ya zama rubutun a juye yake kamar a madubi, idan ya koma kan allo zai karantu daidai. Idan ya karantu daidai tun a takarda to ka tsaya, aisinka zai zauna a baibai.

Allon da ake siya mai jan ƙarfe a fuska ɗaya ka yanke shi da zarto, ka goge shi da soson ƙarfe har ya yi ƙyalli, ka share da sifirit, daga nan kar yatsanka ya sake taɓa fuskar domin maiƙon hannu kaɗai ya isa ya hana tona kamawa. Ka kifa takardar, ka ɗora dutsen guga mai zafi ba tururi, ka danna da ƙarfi kana zagayawa kamar minti biyar, ka fi ba gefuna da kusurwoyi kulawa da tsinin dutsen domin nan ne yake yawan ƙin kamawa. Na gawayi ma yana yi idan ba wuta, na sha yi da shi, sai dai zafinsa baya tsayawa wuri ɗaya, idan ya yi yawa layuka zasu baje su haɗe da juna. Ka jefa a ruwa ya jiƙa minti goma, ka murje takardar da ɗan yatsa a hankali har baƙaƙen layukan su fito. Inda ya yanke ka cike da maka mara gogewa, ka shafa sau biyu. Idan ya lalace da yawa ka goge da tina ka sake, ba asara sai takarda, kuma na farko da wuya ya fito, ka bugo kwafi huɗu ko biyar tun farko.

Sai wanka a ferik kulorayid, wani sinadari ne ruwan ƙasa da yake cinye jan ƙarfen da ba'a rufe ba. A robar da ba za'a sake cin abinci a ciki ba ake zuba shi, ba kwanon ƙarfe ko na alminiyam ba domin zai cinye kwanon. Idan gari ne ka zuba garin cikin ruwa kaɗan kaɗan, ba ruwa kan gari ba, yana ɗaukar zafi. Safar hannu, tabarau, a waje inda iska take, nesa da yara. Idan ya ɗiga a riga tabon ya zauna kenan. Ka riƙa jijjiga robar a hankali, idan ruwan da ɗumi minti 15 zuwa 30 ya gama, jan ƙarfen siriri ne ƙwarai, wajen maikron 35. Da ka ga na ƙarshe ya ɓace ka cire ka wanke, idan ka bar shi zai fara cin layukan ta ƙarƙashi. Ruwan da ya rage ka juye a jarka ka rubuta a jiki ka rufe, ana sake amfani da shi sau da yawa, kar ka zuba a kwata ko kusa da rijiya, jan ƙarfen da ya narke a ciki guba ne ga ƙasa da ruwa. Ka goge tonar da tina, ka huda da bakin diril 0.8 na rezista da aisi, 1.0 na masu kaurin ƙafa, bakin nan yana karyewa kamar tsinke don haka ka siyo fiye da ɗaya. Kafin ka ɗora komai ka bi kowane layi da mita a wurin da take ƙara, ka tabbatar wanda ya kamata ya haɗu ya haɗu, maƙwabta kuma basu taɓa juna ba. Aisi kuma ka sa masa soket, kar ka liƙa shi kai tsaye.

Akwai kuma turawa kamfani. Daga KiCad zaka fitar da fayil ɗin Gerber ka tura wa irin su JLCPCB ko PCBWay a Chaina su bugo maka fanel mai gefe biyu da koren fenti da rubutu, yawanci guda biyar ne mafi ƙaranci. Aikin yana da kyau, sai dai kuɗin kawowa yakan fi na fanel ɗin, biyan da kuɗin waje ne, kuma idan ka yi kuskure a zane sai kaya sun iso zaka gani. Da sati shida ban baka shawara ba. Ka bar shi sai ranar da za'a ce ka yi wa mayaƙa goma iri ɗaya.

Dalma, mai 60/40 da ke da fulos a ciki, wato maganin da yake sa ta kama, tafi sauƙi, ƙarfen dalma mai wat 30 zuwa 40 ya isa. Ƙafar da jan ƙarfen zaka ɗumama tare sannan ka kawo dalmar ta narke a kansu, daƙiƙa biyu zuwa uku, ba wai ka ɗebo ta a bakin ƙarfe ka ɗiga ba. Mai kyau tana sheƙi kamar ɗan tsauni, wadda ta dunƙule kamar ƙwallo bata kama ba. Ka wanke hannu da sabulu kafin ka ci abinci, kar ka riƙe dalmar da baki kamar yadda wasu masu gyara suke yi, kar ka yi aikin inda ƙananan yara suke rarrafe. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 bai kamata a tsaya yi mana dogon bayani ba.

Abin da yafi ci min rai a irin wannan aikin, kuma shi nake so ka fi ba lokaci, shine waya. A duk kayan wasan da aka taɓa kawo min gyara da wuya naga fanel ne ya mutu, kusan kullum waya ce ta tsinke daidai inda dalma ta ƙare, domin nan ne ta sandare, kuma duk lanƙwasawar da aka yi nan take taruwa. Na taɓa haɗa wa wasu matasa sandar boka mai haske, ta yi kwana huɗu tana aiki a shago, ranar wasa jarumin ya buga ta a ƙasa sau ɗaya ta ɗauke, da na buɗe waya ɗaya ce ƙwal ta bar wurinta, na yi amfani da mai silli ɗaya kuma ban ɗaure ta ba. Raina ya ɓaci sosai ranar domin yaran sun yi wata guda suna shiri. Tun daga nan waya mai silli da yawa nake sawa, mai laushi, in bar mata rara kaɗan, in zura ta cikin rami a jikin allon kafin in liƙa ko in ɗaure da zare, sannan in rufe haɗin da robar nan mai tsukewa da zafi. Idan ka gama ka ɗauki takobin a kunne ka kaɗa shi da ƙarfi, ka buga a katifa sau hamsin, idan haske ya ƙifta ko sau ɗaya akwai inda bai kama ba, ka nemo shi yanzu.

Jikin takobin kuma, ka samu siririn katako ko filawud a tsakiya, ribon ɗaya ta kowane gefe, ka naɗe da farin soson nan mai laushi da ake samu cikin kwalin talabijin ko laftof, sannan leda mai kauri ko bututun roba mai haske a sama. Soson ne yake baza hasken ya zama ruwan takobi ɗaya, idan babu shi ɗigo ɗigo za'a gani kamar fitilar shagon aski. Ko tazarar santimita ɗaya tsakanin ƙwai da ledar waje tana canza abin sosai. Kwalkwali ka yi shi da kwali mai kauri ko robar nan da ake silifas da ita, tana lanƙwasuwa idan ta ji zafi, gam ɗin masu takalmi yafi riƙe ta. Gam na kyandir yana da sauri amma a zafinmu idan kayan suka wuni a but ɗin mota zai yi laushi ya saki, don haka kar ka dogara da shi a wurin da yake ɗaukar nauyi. Ƙwayayen kwalkwali su kalli waje, ka toshe bayansu da baƙin tef yadda haske ba zai koma idon mai sakawa ba, idan ba haka ba ba zai ga gabansa ba a dandali. Gumi ma yana cin haɗi, duk dalmar da take kusa da kai ko tafin hannu ka shafe ta da man farce mara kala. Makunnin ka sa shi inda babban yatsa zai kai ba sai an duba ba, amma a ɗan lotse ciki yadda ba zai dannu da kansa ba lokacin da ake fafatawa.

Kayan nan rezista da aisi da ferobod zaka samu wajen masu saida kayan gyaran rediyo da talabijin a babbar kasuwa, tsofaffin fitilun caji da suka mutu ma cike suke da fararen ƙwai da makunni da waya kyauta. Ribon WS2812B da Nano ne wani lokaci sai an yi oda daga Legas ko ta intanet, shi yasa nake so ka yi odarsu a satin nan, Nano guda biyu ba ɗaya ba, domin idan ka juya masa wuta sau ɗaya ya tafi. Kafin su iso ka siyo rezista om 150 da 100, ka yanke wayar USB, ka kunna ƙwai biyar a biredibod kowanne da nasa, ka auna da mita, ka turo min lambar da ta nuna maka da kalar ƙwayayen da ka sa.